Tafiyar Raba Yaron Nan da Tankar Yaƙi

Mun bar gida ranar Asabar ana sallame sallar asuba, ni da ƙanin maigidana da ke jan motar, da wata maƙwabciyata wadda ta ji an ambaci Kura ta ce ita ma tana da buhun shinkafar da za ta sayo. Ku da kuka saba bin rubuce-rubucena kun san tafiyata ba ta wuce ta biki ko ta gaisuwar mutuwa, in dawo in ba ku labarin tuwon garin da na je. Wannan karon ba biki aka yi ba, ba kuma rasuwa. A gida dai abin da na faɗa shi ne zan je in gaida yayana a gonarsa ta wajen Bunkure, in samo mana sabuwar shinkafa. Maigida ya dube ni ta saman tabarau ya ce a gaishe su. Ya san ba shinkafa ce ta tashe ni ba, ni ma na san ya sani.

Ga gaskiyar maganar. Ɗana na fari yana gab da kammala horon soja. An ba su takarda kowa ya rubuta ɓangaren da yake so a kai shi, ko da yake manya ne ke da ta cewa a ƙarshe, shi kuwa ya rubuta tankar yaƙi. Ranar Litinin za a karɓi takardun, kafin nan mutum na iya gogewa ya sake. A bakin ƙanwarsa na ji, domin ni da shi ba ma irin wannan hirar. Ɗan fari ne, kuma yadda na tashi na ga iyayena mata suna yi haka na yi: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi abin da ke ransa ba, in ya gaishe ni sai in amsa ina duban wani wajen. In ina da saƙo sai in ce wa ƙanwarsa, "Ki ce wa yaron nan kaza." Shekara ashirin da shida ina koyarwa, na rarrashi 'ya'yan mutane da ba su ƙirguwa, amma nawa ban taɓa dafa kafaɗarsa ba tun da ya yi wayo.

Tun da na ji zancen tankar nan hankalina ya ƙi kwanciya, wayar hannu kuma ta ƙara rura abin. Na kalli wani bidiyo na yaƙin da ake yi can ƙasashen Turawa, inda wani ɗan jirgi mara matuƙi, wanda bai fi farantin tuwo faɗi ba, ya bi ƙatuwar tanka ya faɗa mata ta sama, sai wuta. Waya ta ga na tsaya na kalla, ta dinga turo mini irinsu safe da yamma. Masu sharhi a rediyo su ma suna ta cewa zamanin tanka ya wuce, ta zama akwatin gawa mai tsada. Yayana kuwa, wanda kowa ke kira Sajan, ya haura shekara ashirin yana tuƙa tanka kafin ya ajiye kaki ya koma noma, kuma na tabbata labaransa ne suka shiga kan yaron tun yana ƙarami. Na ce tun da shi ya cusa masa, shi zai cire masa. Abin da nake so kawai ya ɗaga waya ya ce masa ya goge kafin Litinin.

Titin Zariya da sassafe yana da daɗin bi. Mun wuce Na'ibawa manyan motoci na sauke lemo da kankana, masu shayi sun fara fasa ƙwai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda gari ya cinye gonakin Kumbotso. Inda na sani ana shuka gero lokacin ina budurwa, yanzu masu buga bulo ne da allunan sayar da fili, sai wata bishiyar ɗorawa guda da aka manta ba a sare ba. Daga Kwanar Dawaki hanya ta saki, ƙanin maigida ya samu abin da yake so ya taka mota, maƙwabciyata ta kama salati tana tuna masa cewa marayu za ta bari. A gadar Tamburawa na leƙa ƙasa na ga masu ɗiban yashi sun riga rana fitowa, ruwan kogin ya ja baya saboda bazara.

Kura tana sanar da kanta tun kafin a shiga. Hanci ne ke fara sani, domin ƙamshin shinkafar da ake turarawa ya cika iska, sannan kunne ya ji rurin injinan casa. Ko'ina ka duba tampol ne a shimfiɗe an baza shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, tana shan rana, mata na jan ta da ƙafa suna juyawa, awaki na zagaye suna neman ido ya kauce. Mun karya da waina da miyar taushe a wajen wata dattijuwa da ke bakin tasha, wainar da ta sa na ji kunyar tawa. Maƙwabciyata ta taya tumatir, da aka faɗa mata kuɗin ɗan kwando ta riƙe baki ta ce ashe har a gidan tumatir ana yi wa mutum haka. Mai tumatirin ya ce Hajiya lokacinsa ya wuce, ki dawo da sanyi in ba ki har da gyara. Mangwaro ne kawai ke arha, kamar roƙon mutum ake ya ɗauka. Nan muka bar ta a layin 'yan shinkafa ta naɗe hannun riga, muka ce za mu ɗauke ta da la'asar.

Daga Kura muka sauka daga kwalta muka bi hanyar gefen kanal, wato babbar magudanar siminti da ke kawo ruwan madatsar Tiga cikin gonaki. Duk zafin da ake yi a birni, nan ido yana hutawa. Ruwa na tafiya a hankali, wani na wanke babur, wani ya tare shanunsa suna sha, ƙananan magudanu na ballewa suna shiga gonaki. Shinkafar rani ta nuna, wata ta yi jawur tana jiran girbi, wata da saura. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka lulluɓe wasu gonakin da raga tun daga wannan kunya har waccan, wasu kuma an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye da leda. Ƙanin maigida ya ce saboda jan-baki ne, tsuntsayen nan ƙanana da ke saukowa dubbai su tashi gona kafin mai ita ya gama alwala.

Kafin mu kai gonar Yaya muka tarar da cincirindo. Injin girbin shinkafa ne, irin mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya, ya nutse a tsakiyar wata gona har ciki, ya karkace gefe guda. Maza wajen takwas sun tuɓe riguna suna haƙa suna cusa itace a ƙarƙashinsa, mai gonar na tsaye a kan kunya ya ɗora hannu a ka yana kallon shinkafarsa da ake tattakewa. Can gefe na hango wani dogo da hular kaba yana ba da umarni da murya kamar ana faretin safe. Ba sai an gaya mini ba, Yaya ne. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana aiki saboda ƙarar igwa, don haka yana ɗauka kowa ma haka yake.

"Ladidi, ke ce da hantsi haka?" ya ce da ya gan ni. "Lafiya dai ko? Ina maigidan, ina soja?"

Na ce duk lafiya, shinkafa na zo nema. Ya yi dariya ya ce shinkafar Kura ta ƙare ke nan da sai na shigo daji. Bai ƙara tambaya ba, ya ce in biyo shi in ga nasa girbin, magana ta jira a ci abinci.

A gonarsa ma injin ne irin wancan, amma tafiyarsa daban. Wani dattijon Bafulatani, maƙwabcinsa, yana tafe a gaban injin da tazarar taku goma, ƙafa ba takalmi, da doguwar sanda a hannu yana caka ƙasa. In ya ji wuri ya yi laushi sai ya ɗaga sandar, direba ya tsaya, a kewaye, daga baya a zo a yanke wurin da lauje. Yaya ya ce ana rufe wa gona ruwa kwanaki kafin girbi don ƙasa ta yi tauri, amma ruwan maƙwabci kan tsattsafo ta ƙarƙashin kunya, sama ta bushe ƙasa na nan da taɓo. Ido ba ya gani, direba da ke can sama balle. Dattijon nan kuwa shekara da shekaru yana kiwo a wurin bayan girbi, ya san duk inda ƙafar saniya ke nutsewa. Ladansa bambaron shinkafar ne, ya kwashe wa shanunsa. Mai waccan gonar ya ga kamar ɓata lokaci ne, ya ce direba ya shiga kawai.

Na tsaya a inuwar wata bishiyar mangwaro ina kallonsu har rana ta take. Ban ɓoye muku ba, kallon injin nan yana tafiya a kan sarƙarsa kamar tanka ya sa abin da nake gani a waya ya dinga dawo mini.

Matar Yaya ta aiko da dafa-duka ta sabuwar shinkafa da busasshen kifi, da fura mai sanyi daga rugar dattijon. Bayan mun yi azahar ƙanin maigida ya ga alamar magana ce ta 'yan gida, ya ce zai je ya ga yadda za a ƙare da injin da ya nutse. Sai na fito da waya na miƙa wa Yaya. Ya kalli bidiyo uku, ya kawo fuskarsa kusa da gilashin yana ƙanƙance ido. A na ukun ya ce in mayar baya, ya sake kallo, na ga leɓensa na motsi. Daga baya ya ce mini mutanen ciki yake ƙirgawa, ko wani ya samu fita.

Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce shi ya ɓata yaron da labarai, yanzu ga shi zai shiga abin da duniya ta gama yayinsa, abin da ɗan jirgin da bai kai kuɗin babur ba ke ƙonawa. Na ce ya kira shi ya ce ya goge, ya rubuta wani wuri, ko masu sadarwa, ko masu tuƙa jiragen nan daga nesa, ko ma masu dafa abinci, ni ban damu ba.

Yaya ya daɗe yana jujjuya ludayin fura. Da ya buɗe baki, muryar faretin nan ta sauka. Ya ce abin da na gani gaskiya ne, ba haɗi ba ne, kuma da a zamaninsa aka yi wannan abu da bai san ko zai kai ritaya ba. Amma ya ce in lura, wanda jirginsa ya samu sa'a shi ke saka hoton a waya, wanda nasa ya faɗi a daji ba ya nuna wa kowa. Ya ce su can yanzu har raga suke yi wa tanka ta ƙarfe, kamar yadda na ga an yi wa shinkafa, kuma suna da na'urar da ke rikita jirgin ya rasa mai shi. Yau na sama ya yi gaba, gobe na ƙasa ya kamo shi, haka abin yake tun yana ƙaramin soja. Ya ce jirgin nan yana iya kashewa amma ba ya iya tsayawa a bakin gari ya kwana har mata su fito ɗiban ruwa da safe. Dole wani ya taka ƙasar da ƙafarsa, kuma muddin ana harbi, mai takawar zai so ƙarfe a gabansa.

Na ce to ke nan tanka ba za ta mutu ba. Ya ce shi bai ce ba. Ƙila ta ƙanƙance, ƙila a cire mutum daga cikinta a dinga tuƙa ta daga nesa, ƙila kuma jikokinmu su gan ta a ƙofar bariki an shafa mata fenti ana ɗaukar hoto. Ya ce duk wanda ya ce mini ya san amsar, bai taɓa shiga cikinta ba. Abin da ya sani shi ne tanka makauniya ce. In an rufe murfi, duniya gaba ɗaya ta wata 'yar taga kake ganinta kamar mai leƙe ta ramin mukulli, ga zafi, ga ƙara, ga warin mai. A dazuzzukan da ya yi aiki, abin da ya fi tsoro ba daga sama yake zuwa ba, nakiyar da aka binne a hanya ce. Akwai sojojin da aikinsu shi ne su shiga gaba a ƙasa, su lalubo ta su kwance, sannan tanka ta bi sawunsu. Ya ce duk ranar da ya dawo da rai, bayan ikon Allah, albarkacin waɗannan mutanen ne, kuma su ne ya fi zuwa jana'izarsu.

Duk da haka na nace. Na ce ban zo neman darasi ba, ni ma malama ce. Ya ce to, zai kira shi, tun da Asabar da Lahadi ana ba su wayoyinsu. Saboda kunnensa, Yaya ba ya kara waya a kunne, sai dai ya buɗe lasifika ya ajiye ta a cinya. Tana fara ringi na yi masa alama da hannu kada ya ce ina wurin. Kunya ce ta sa, ba wani abu ba. Ina zan sa kaina yaron ya ji na taso tun daga birni saboda shi?

Ya ɗauka da murnarsa, suka gaisa, Yaya ya kira sunansa ya tsokane shi da cewa an ce ya rame. Sannan ya ce ya ji labarin abin da ya rubuta, yana so ya ji dalili daga bakinsa.



"Kawu, in faɗa maka gaskiya, amma don Allah ta tsaya tsakaninmu," in ji yaron. "Ni ba son tankar nan nake ba. Ranar da aka sa mu ciki aka rufe murfin nan, wallahi numfashina sama-sama ya dinga yi, na jiƙe sharkaf. Daurewa kawai na yi kada a gane."

Yaya ya ce to me ya kai shi rubutawa.

"Saboda Umma ne. Ka san ba za ta taɓa cewa komai ba. Amma ranar da zan taho na ga ta zuba gishiri a shayi ba ta sani ba. Na ce in ta ji ina cikin ƙarfe, irin wanda ka shiga ka fito lafiya, hankalinta zai ɗan kwanta."

Ban san lokacin da na toshe bakina da gefen mayafi ba. Yaya bai dube ni ba. Ya tambaye shi, in da babu Umma a lissafin, me zai rubuta.

"Masu kwance nakiya, Kawu. Ogan da ke koya mana ya ce bai ga mai natsuwar hannu irina ba a ajinmu. Ka tuna yadda nake warware rediyonka in mayar? In ina kan wayoyin nakiyar nan har mantawa nake da kowa. Amma ina zan iya bari ta ji wannan?"

Yaya ya ce masa ya ji, zai neme shi kafin Litinin, ya kashe wayar. Daga inda muke zaune ina hango dattijon nan can cikin gona yana caka sandarsa a gaban injin. Na kau da kai.

"To Ladidi," in ji Yaya, "kin zo in fitar da shi, ga shi ashe a bakin ƙofa yake. Me zan ce masa?"

Kada ku yi mini dariya, ko ku yi, na cancanta. Ni da na taso da asuba don a raba shi da tanka, sai ga ni ina roƙon Yaya da hawaye ya sake kira ya ce masa ya bar takardar yadda take. Na ce ai ka ce ana yi musu raga yanzu, ai ka ce akwai na'ura. Duk hujjojin da na ƙi karɓa ɗazu na kwaso su na mayar masa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba zai yi ba. Ya ce mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa in an rufe murfi, ranar da wuta ta buɗe ba kansa kaɗai zai halaka ba, har da mutum uku da ke ciki tare da shi, su ma kuma suna da iyaye mata. Ya ce kuma maganar nan ba tasa ba ce. Shekara ashirin da huɗu ni da yaron muna aika wa juna saƙo ta bakin mutane, kowa na tsammanin ya san zuciyar ɗan'uwansa, ga inda ta kai mu. In akwai wanda zai kira shi, ni ce.

Na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi karɓar mangwaron da ya sa aka tsinko mini, sai da matarsa ta sa a but ɗin mota da kanta. Ya rako mu har bakin kanal, ya leƙo ta taga ya ce da ƙarfi, yadda duk masu wanke babur suka ji, "Ki kira shi, ba a mutuwa don an kira ɗan fari."

A Kura muka tarar da maƙwabciyata zaune a kan buhu biyu maimakon ɗaya, tana cin gyaɗa, ta yi nasara. Tun daga nan har Tamburawa take ba mu labarin yadda ta karya wa mai shinkafa farashi, ni kuwa ina ta "uhm" ba tare da na ji rabin abin da take faɗa ba. Ta tambaye ni ina tawa shinkafar, sai a lokacin na tuna ban sayo ko mudu ba. Cunkoson yamma ya riƙe mu a Na'ibawa, 'yan talla na cusa ruwan leda ta taga. A cikin cunkoson nan na yi ta juya abin. Zan iya yin shiru, Litinin ta zo ta wuce, ya shiga tankarsa saboda ni, ba wanda zai ce na yi laifi tun da ban ce komai ba. Shirun nan shi na iya, shi na yi duk rayuwata. Amma yanzu na riga na ji, kuma shirun da aka yi bayan an ji ba kunya ba ce, zalunci ne.

Mun iso gida ana kiran magariba. Maigida ya dubi hannuna ya ga mangwaro ba shinkafa, ya yi mini sannu da hanya kawai, Allah Ya saka masa.

Washegari Lahadi da hantsi na ce wa ƙanwarsa ta sa mini lambarsa a wayata, domin ko lambar ba ni da ita. Ta dube ni kamar ta ga baƙuwa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira. Bugu ɗaya ya ɗauka, na yi sallama, ya gane muryata.

"Umma? Innalillahi, wa ya rasu?"

Wannan tambayar ta fi duk bidiyon da na kalla yi mini ciwo. Na ce ba wanda ya rasu. Na ce jiya ina gonar kawunsa, ina zaune a gefe lokacin da suka yi waya, na ji komai. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya tsaya. Na ce masa tsoro ina ji, kuma zan ci gaba da ji ko a ina aka kai shi, wannan nawa ne ba nasa ba, kada ya ƙara ɗaukar mini shi. Na ce ya rubuta abin da hannunsa ya iya.  Sannan ya ce, "To Umma, ki sa mini albarka." Na sa masa, da bakina, ba ta bakin kowa ba.

Tafiyar nan ba ta kai nisan awa biyu ba, amma na dawo da abin da ban tafi nema ba. Game da tanka, ko tana da sauran amfani a yaƙin gobe ko babu, na bar wa masu sharhi, tun da wanda ya kwana cikinta shekara ashirin ma ya ce bai sani ba. Abin da na gane shi ne babu ɓangaren da aka rubuta wa uwa kwanciyar hankali a takardar nan, na sama da na ƙasa da na cikin ƙarfe duk 'ya'yan wasu ne. Kunyar ɗan fari kuwa ban ce a yar da ita ba, tarbiyyarmu ce, amma ta kusa sa yaro ya rufe kansa a inda ba ya iya numfashi don ya faranta mini, ni kuma ina can ina kuka da abin da ya yi domina.

Ranar Litinin ya goge tanka ya rubuta masu kwance nakiya. An ce sai nan da wasu makonni manya za su fitar da inda aka kai kowa. Na je Bunkure in raba shi da tanka, na kuwa raba shi da ita. Yanzu duk bayan sallah in na ɗaga hannu sai in rasa wanne zan roƙa, a ba shi abin da ya rubuta ko a hana shi. Sai in kira sunansa a hankali, in ce Allah Ka zaɓa masa, in shafa.